KUMBURIN MUƘAMUƘI GA YARA: YADDA AKE GANE CIWON DAJIN BURKITT TUN DA WURI

An shirya wannan ɗan littafi ne domin iyaye, da malaman makarantu, da hakimai da dagatai da masu unguwa, da kuma ma'aikatan ƙananan asibitoci na karkara. Manufarsa ita ce a bayyana wa jama'a wani irin ciwon daji da ke kama yara ƙanana a baki da muƙamuƙi, wanda sau da yawa akan ɗauke shi ciwon haƙori ne, har sai lokaci ya ƙure. Ciwon yana da saurin girma ƙwarai, amma kuma yana daga cikin ciwace-ciwacen daji da suka fi jin magani. Saboda haka ran yaron ya rataya ne, bayan ikon Allah, a kan yawan kwanakin da suka wuce kafin a gane cutar.

YADDA ABIN YAKAN FARA

A ɗauki misalin wani yaro ɗan shekara 6 a wani ƙauye na ƙasar Zungur, cikin Ƙaramar Hukumar Bauchi. Wata rana uwarsa ta lura kuncinsa na dama ya ɗan tasa. Yaron ba ya kuka, ba shi da zazzaɓi, yana cin tuwonsa yana wasa da 'yan'uwansa. Aka ce hangum ne, zai saɓe da kansa. Da aka yi mako guda kumburin bai saɓe ba, sai uban ya sayo ƙwayoyi a kemis. A mako na biyu aka kai shi wurin wanzami ya yi masa sakiya, amma babu mugunyar da ta fito, sai jini. A mako na uku haƙoransa na ciki guda uku suka fara girgiɗa, aka cire ɗaya. Ramin haƙorin ya ƙi warkewa, wata tsoka ta tsiro daga cikinsa. Kafin mako na shida idonsa na dama ya turo waje, cikinsa ya kumbura, abinci ya gagare shi. Sai a lokacin nan aka nemi mota zuwa cikin garin Bauchi.

Wannan misali ne kawai, amma likitocin yara da na haƙori a asibitocin koyarwa na ƙasar nan sun saba ganin irinsa. Babu wanda ya yi sakaci da gangan a cikin labarin. Kowa ya yi abin da ya sani ne. Sai dai makonni shida sun tafi, alhali kuwa tun a mako na biyu akwai alamun da suka isa a tafi babban asibiti.

MENE NE WANNAN CIWO?

A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne yaƙi da cututtuka. Wani kashi daga cikinsu yana zaune a cikin kaluluwa, da saifa, da ɓargo, da bangon hanji. Idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace suka shiga hayayyafa ba tsayawa, sai su taru su zama ƙari. Ciwon dajin da ya samo asali daga gare su shi ne likitoci ke kira limfoma. Limfoma iri-iri ce, amma wadda ta fi fitowa a muƙamuƙin yaran Afirka ita ce ake kira ciwon Burkitt.

Ƙwayoyin wannan ƙari suna iya ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48. Babu wani ƙari da aka sani a jikin ɗan Adam da ya fi shi gaggawa. Ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, ko da yake ana samunsa har ga waɗanda suka kai 15, kuma yara maza sun fi mata kamuwa da kusan ninki biyu. Ga ƙananan yara ya fi fitowa a muƙamuƙi, ga waɗanda suka ɗan tasa kuwa ya fi fitowa a cikin ciki.

YADDA AKA GANO SHI

A shekarar 1957, wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ailan mai suna Denis Burkitt yana aiki a Asibitin Mulago na birnin Kampala, ƙasar Yuganda. Aka nuna masa wani yaro da kumburi a ɓangarori huɗu na muƙamuƙinsa, sama da ƙasa, dama da hagu. Ba da daɗewa ba ya sake ganin wani yaro mai irin wannan kumburi, da ƙari a cikinsa. Ya koma ya binciki tsofaffin takardun asibiti, ya tarar ashe cuta ɗaya ce mai fitowa a wurare dabam-dabam na jiki. Ya buga sakamakon bincikensa a 1958.

A 1961 Burkitt da abokan aikinsa biyu suka yi tafiyar mil 10,000 cikin mota suna zagaya asibitocin gabashi da kudancin Afirka, suna tambaya ko ana ganin ciwon. Suka gane cewa ya fi yawa a wurare masu zafi da damshi, ya yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi da wurare masu fari. Daga baya aka fahimci cewa taswirar ciwon ta yi daidai da taswirar wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 kuma, a Landan, masana uku, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong, suka gano wata ƙwayar cuta ta bairus a cikin ƙarin, wadda ake kira Epstein-Barr.

Nijeriya tana da babban rabo a wannan aiki. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, a 1963, Farfesa Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ƙarin da aka ɗauko daga muƙamuƙin wani yaro ɗan ƙasar nan, kuma har yau ana amfani da zuriyar ƙwayoyin nan a ɗakunan bincike na duniya. A wannan asibiti ne kuma Farfesa Victor Anomah Ngu ya yi aikin warkar da yara masu ciwon da magunguna. A 1972 yana cikin likitocin da aka ba babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka, tare da Burkitt kansa.

ABIN DA KE HADDASA SHI

Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Na farko shi ne bairus ɗin Epstein-Barr, wanda ke yaɗuwa ta yawu. Kusan kowane yaro a Afirka yakan kamu da shi tun kafin ya shiga makaranta, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi ba tare da ya cuce su ba. Na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro mai yawan maimaituwa, wanda ke tilasta wa fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa, ya kuma raunana tsaron da jiki ke yi wa bairus ɗin. Na uku shi ne kuskuren da kan auku a cikin ƙwayar halitta guda ɗaya, inda wani yanki na zaren gado mai lamba 8 yake tsinkewa ya maƙale a mai lamba 14, sai ƙwayar ta rasa birkin da ke hana ta yaɗuwa. Yaron da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau shi ma yana cikin haɗarin kamuwa da limfoma fiye da sauran yara.

Daga wannan bayani jama'a za su gane cewa ƙarin kansa ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Babu dalilin ware mai ciwon, ko a hana shi ci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne, ba kuma laifin uwa ko uba ba ne.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

1. Kumburin kunci, ko muƙamuƙi, ko dasashi, ko ganɗa, wanda ke ƙaruwa a fili daga wannan mako zuwa wancan.
2. Kumburin yana da tauri, kuma galibi ba ya ciwo a farko. Rashin ciwon nan shi ne ke yaudarar iyaye.
3. Haƙoran ciki, watau matauna, suna girgiɗa, ko suna kaucewa daga layinsu, ko kuma sababbin haƙora suna fitowa kafin lokacinsu.
4. Ramin haƙorin da aka cire ya ƙi warkewa, ko tsoka ta tsiro daga cikinsa.
5. Leɓen ƙasa ko haɓa ya mutu, yaro ba ya jin an taɓa shi.
6. Ido ɗaya ya turo waje, ko hanci ɗaya ya toshe.
7. Kumburin ciki, da rama, da gumin dare, da ƙin abinci.
8. Raunin ƙafafu farat ɗaya, ko kasa riƙe fitsari. Wannan yana nuna ƙarin ya danne laka, kuma lalle ne a tafi asibiti a ranar, ko da cikin dare ne.

Game da girgiɗar haƙora, wajibi ne a bambanta ta da famfara. Famfara takan fara ne daga haƙoran gaba, wajen shekara 6 ko 7, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kumburin fuska ba. Matauna ba su faɗuwa sai yaro ya kai wajen shekara 10 zuwa 12. To, idan aka ga matauna biyu ko uku na yaro ɗan shekara 5 suna girgiɗa lokaci guda, ba kuwa faɗuwa ya yi ko duka aka yi masa ba, wannan ba famfara ba ce.

CUTUTTUKAN DA KE KAMA DA SHI

Ba kowane kumburin fuska ne ciwon daji ba. Hasali ma yawancinsu ba shi ba ne. Ƙurjin haƙori yakan zo da zogi mai tsanani da zazzaɓi, akwai ruɓaɓɓen haƙori a wurin, kuma yakan sauka cikin 'yan kwanaki idan aka fitar da mugunya aka sha magani. Hangum yakan kumbura gaban kunne da ƙarƙashinsa, yana ciwo, yakan kama yara da yawa a unguwa lokaci guda, ya kuma saɓe cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Ciwon noma, wanda aka kafa masa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, yakan fara da gyambon dasashi mai wari ga yaron da tamowa ta kama, sa'an nan ya cinye naman kunci ya bar rami. Tarin fuka na kaluluwa yakan fito a wuya, yana girma a hankali cikin watanni. Akwai kuma wasu ƙararrakin muƙamuƙi da suka fi kama samari da manya, waɗanda kan yi shekaru suna girma.

Ga ƙa'ida mai sauƙi da kowa zai iya riƙewa: duk kumburin muƙamuƙin yaro da aka yi wa magani na mako guda bai ragu ba, ko wanda ya kai mako biyu yana ƙaruwa, a kai shi babban asibiti ba tare da an sake gwada wani magani ba.

YADDA LIKITA KE TABBATAR DA CUTAR

Mataki na farko shi ne tambaya da dubawa. Likita zai so ya san ranar da aka fara ganin kumburin, da irin saurin girmansa, da duk magungunan da aka sha. A faɗa masa gaskiya, har da na gargajiya, kuma a tafi da kwalaben da fakitocin. Zai duba cikin baki, ya taɓa wuya da hammata da matsematsi, ya lallatsa ciki, ya gwada ƙarfin ƙafafu.

Mataki na biyu shi ne hoto. Hoton ƙashin muƙamuƙi yakan nuna cewa siririn farin layin da ke kewaye da saiwar haƙori ya ɓace, ƙashin ya zaizaye, haƙoran sun zama kamar suna yawo ba su da mazauni. Ana kuma yin sikanin ciki domin a duba ƙoda, da hanta, da saifa, da hanji, da ƙwan haihuwa ga yara mata, saboda ciwon yakan ɓuya a waɗannan wurare ko da ciki bai kumbura ba.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci, watau ɗaukar samfur daga ƙarin. Ido ko hoto ba su isa su yanke hukunci ba. Wani lokaci likita yakan soka siririyar allura ya zuƙo ƙwayoyin ƙarin ya shafa a kan gilashi, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci. Amma abin da ya fi tabbas shi ne a yanko 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, bayan an kashe zafin wurin ko an sa yaron barci. Likitan ɗakin bincike zai duba ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Idan ciwon Burkitt ne, zai ga ƙwayoyi masu duhu iri ɗaya sun cika wurin maƙil, da wasu farare warwatse a tsakaninsu, kamar taurari a sararin sama cikin dare. A inda ake da kayan aiki, akan ƙara wasu gwaje-gwaje na rini domin a bambanta shi da sauran ire-iren limfoma, tun da maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wasu iyaye sukan ƙi yarda da wannan mataki, suna cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Gaskiyar magana ita ce ɗaukar samfur a asibiti ba ya bazar da ciwon. Abin da ya sa ake ganin kamar ya ƙaru bayan an taɓa shi, shi ne dama can yana ninkuwa kowace rana, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Ƙin yarda ba ya ƙara kome sai jinkiri.

Mataki na huɗu shi ne sanin inda ciwon ya kai. Za a ɗebi jini a auna yawansa da lafiyar ƙoda da hanta, a yi gwajin ƙanjamau da na cizon sauro. Za a zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu, a kuma ɗebi ɗan ruwan laka daga gadon baya da allura. Ɗibar ruwan laka ba ta gurgunta yaro, kamar yadda ake jita-jita. Da waɗannan ne ake sanin ko ciwon yana mataki na 1, ko na 2, ko na 3, ko na 4, kuma matakin ne ke nuna ƙarfin maganin da za a bayar.

ABUBUWAN DA BA A SO A YI

1. Kada a yi sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a kan kumburin. Babu mugunya a ciki, sai dai a jawo zubar jini da ruɓa.
2. Kada a cire haƙoran da ke girgiɗa kafin likita ya ɗauki hoto.
3. Kada a ba yaro ƙwayoyin rage kumburi irin su firedinisolon da deksametason ba da umarnin likita ba. Suna iya sa ƙarin ya saɓe na 'yan kwanaki, iyaye su saki jiki, sa'an nan ya dawo da ƙarfi. Suna kuma ɓata samfurin, har likita ya kasa gane cutar.
4. Kada a jira sai an yi girbi, ko sai ranar kasuwa ta zagayo.

MAGANI

Ba tiyata ce maganin wannan ciwo ba. Ana warkar da shi ne da magunguna masu ƙarfi ta jijiya, irin su saikulofosfamaid, da binkiristin, da metotireksat, ana kuma zuba wani a cikin ruwan laka domin a tsare ƙwaƙwalwa. Sau da yawa kumburin yakan fara sauka cikin kwanakin farko, haƙoran da suka kauce su koma mazauninsu. A waɗannan kwanaki dole yaro ya kasance a kwance a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa, domin dattin ƙarin da ke narkewa yana iya toshe ƙoda.

Ana ba da maganin ne zango-zango na tsawon wasu watanni. Gashi yakan zube, amai yakan zo, jiki yakan yi rauni, amma gashin zai sake tsirowa. Idan yaro ya yi zazzaɓi tsakanin zango da zango, a mayar da shi asibiti nan da nan. Babban haɗari shi ne iyaye su ga fuska ta koma daidai bayan zango ɗaya ko biyu, su ɗauka an warke, su daina zuwa. Ciwon da ya dawo bayan an katse magani yana da wuyar warkewa ƙwarai.

A ƙasashen da ake gane ciwon da wuri kuma ake kammala magani, kimanin yara 9 cikin 10 suna warkewa sarai. A ƙasashenmu adadin bai kai haka ba, kuma manyan dalilai su ne zuwa a makare da katse magani. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ke neman a ceci aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu ciwon daji kafin 2030, ta kuma sa ciwon Burkitt cikin guda shida da aka fi ba muhimmanci.

INA ZA A TAFI?

Mutanen Zungur, da Liman Katagum, da Galambi, da sauran ƙasar Bauchi, su fara da asibiti mafi kusa su karɓi takardar turawa, su wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauchi. A sauran sassan Arewa akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jos, da na Maiduguri, da na Tarayya a Gombe. Wanda kuɗi suka yi wa ƙaranci ya nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ya bayyana halinsa, kada ya ɗauke yaron ya koma gida a ɓoye.

Ana roƙon ma'aikatan ƙananan asibitoci da su rubuta ranar da kumburin ya fara a takardar turawa, su auna faɗinsa, su kuma bayyana wa iyaye cewa tafiyar ta gobe ce, ba ta wata mai zuwa ba. Dangi da maƙwabta su taimaka da kuɗin mota da kula da sauran yara a gida, gama jinyar tana da tsawo.

RIGAKAFI

Har yanzu babu allurar rigakafin wannan ciwo. Amma rage yawan zazzaɓin cizon sauro yana rage ɗaya daga cikin tushensa. A kwantar da yara cikin gidan sauro mai magani kowane dare. A karɓi ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 lokacin damina, a kuma ba su har ƙarshe. A cike kududdufai, a share magudanun ruwa. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a auna jininsa a ba shi cikakken magani.

Ya ku iyaye, ku riƙa duba bakin 'ya'yanku sa'ad da kuke yi musu wanka. Malamai su lura da fuskokin ɗalibansu a aji da tsangaya. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, nema kuwa namu ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya, amin.